Samaru: Titi Ɗaya Ne Tsakanin Lungu Da Jami'a

'Yan'uwana mata, duk wadda ta taɓa shiga mota daga Zariya za ta Funtuwa, to ta ratsa Samaru ko da ba ta sauka ba. Titin ya raba wurin gida biyu. Ga katangar Jami'ar Ahmadu Bello da manyan ƙofofinta a hannu ɗaya, ga kuma kantuna da rumfuna da lungunan talakawa a ɗaya hannun.

Tun kafin a yi zancen jami'a aka san Samaru da aikin gona, domin a 1922 Turawa suka kafa tashar binciken noma a wurin. Ita kuwa jami'ar an buɗe ta ran 4 ga Oktoba, 1962, aka sa mata sunan Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. Bature ne ya fara shugabancinta, sa'an nan a 1966 Dokta Ishaya Audu ya karɓa. Har yanzu ana binciken noman, kuma irin wake da dawa da masara da yawa da mazanmu ke shukawa daga nan suka fito.

Amma ni yau zancena a kan matan da ke wancan hannun titin yake. Ɗakunan kwanan jami'a ba su isar ɗalibai, saboda haka da yawansu haya suke kamawa a cikin Samaru da Hayin Dogo da sauran unguwannin kewaye. Ɗalibi kuwa bai zo da tukunya ba, bai zo da uwa ba. Wa zai ciyar da shi? Matar aure ce, wadda wataƙila ko ƙofar jami'ar ba ta taɓa leƙawa ba. Tun asuba ta dama koko, ta soya ƙosai. Da rana ga ɗanwake, ga shinkafa da wake da mai da yaji, da yamma a kafa kaskon awara. Wata wanki da guga take karɓa, wata kitso, wata ɗinki. Tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar mata gida sai ta ware ɗaki biyu ta zuba 'yan haya, da kuɗin take riƙon marayu. A lungu guda sai ki ji Hausa da Yarabanci da Nufanci da Turanci, kowa yana ciniki da kowa.

To, ai wanda ya dogara da inuwar wani, ranar da mai inuwa ya tashi sai rana ta doke shi. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki tun daga Fabrairu har Oktoba, wata 8 cur. Jaridu sun cika da kukan ɗalibai da na malamai, kuma da gaskiyarsu. Kukan mai ƙosai ne ban ji an buga ba. Ɗalibai sun watse, ɗakuna sun zama kango, mai dafa tiya biyar ta koma dafa ɗaya, adashi ya tsaya don babu abin zubi. Shawarata ga mai sana'a a irin wannan unguwa, kada ta jingina jarinta duka a kan ɗalibai. Ta haɗa da abin da maƙwabta ke saye ko jami'a na buɗe ko tana rufe, kamar man gyaɗa da ƙuliƙuli da daddawa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne talla. Wa ke kai abincin nan ɗakunan samari 'yan haya? Yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku, wani lokaci har bayan magariba. Mu malamai mu muke ganinta da safe tana gyangyaɗi a aji, hannunta yana ƙanshin manja. Haba iyaye! Mai son ɗanwake ya tako ƙofar gida ya saya mana, ko a aiki namiji. Balle ma ace yarinya ta tashi tana hangen ginin Majalisar Jami'a daga tsakar gidansu, amma iyakar rabonta da wurin shi ne karɓo kwanon da aka cinye.

Ke kuma 'yar makaranta, ki sani ba don 'ya'yan wasu kaɗai aka yi ƙofar nan ba. A ciki akwai masaukin 'yan mata mai sunan Sarauniya Amina ta Zazzau, akwai babban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Mai son aikin lauya sai ta nufi Kongo, mai son likita kuma asibitin koyarwa yana Shika. Abin da ake nema gare ki shi ne kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin fannoni, sa'an nan ki ci jarrabawar JAMB da makin da fanninki ke bukata. Lissafin nan shi ya fi kayar da 'yan matanmu, don haka tun daga aji ɗaya za ki kama shi, kada ki bari sai shekarar fita.

Rajistar JAMB ta kan faɗo ne a farkon shekara. Uwar da 'yarta ke ajin ƙarshe ta roƙi uwar adashi tun da wuri a sa mata kwasarta a watan Disamba.