Daga "Sak" Zuwa "Shinkafa da Wake": Biyayya ga Jam'iyya da Dabarun Zaɓe a Siyasar Kano

Gabatarwa

Takardar ƙuri'a a Nijeriya ba ta ɗauke da sunan ɗan takara. Tambarin jam'iyya da taƙaitaccen sunanta kawai mai zaɓe yake gani ya dangwala. Tsarin Mulkin 1999 kuwa bai ba da damar tsayawa takara ba tare da jam'iyya ba. A bisa doka ke nan, jam'iyya ake zaɓa. Sai dai kalmomin da Bahaushe ya ƙirƙira domin bayyana harkar zaɓe suna nuna cewa biyayyar magoya baya ta fi karkata ga mutum, jam'iyya kuwa ta zama masauki. Wannan maƙala ta dubi wannan saɓani ta hanyar tarihin siyasar Kano da kalmomin da suka tsiro daga cikinta.

Santsi da Taɓo

A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, wadda ta gaji NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta ci jihohi biyu: Kano a hannun Muhammadu Abubakar Rimi, da Kaduna a hannun Abdulƙadir Balarabe Musa. Ba a daɗe ba gwamnonin biyu suka riƙa halartar tarurrukan gwamnonin adawa tare da takwarorinsu na UPN da GNPP, alhali uwar jam'iyya ta hana. Nan jam'iyyar ta dare gida biyu. Ɓangaren gwamnoni, wanda Michael Imoudu ya shugabanta, ya sami laƙabin Santsi; ɓangaren Malam kuwa aka kira shi Taɓo. Sunayen kansu hukunci ne: santsi yakan kwashi ƙafa ya zame da ita, taɓo kuwa riƙewa yake yi. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da ɓangaren Malam.

Majalisar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi yawa a cikinta, ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981. Rimi kuma ya koma NPP, ya sauka daga mulki a 1983 ya bar wa mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa, sannan ya nemi kujerar a sabuwar jam'iyyarsa. Bai samu ba. Sabo Bakin Zuwo na PRP ne ya ci, watanni kaɗan bayan rasuwar Malam a watan Afrilun shekarar. Akan kawo wannan zaɓe a matsayin hujjar cewa siyasar da ta aƙida ce, kuma akwai gaskiya a ciki, domin ga gwamna mai farin jini da ayyukan gani da ido amma jama'a suka ƙi bin sa. Duk da haka hujjar tana da kaifi biyu. Da wuya a raba ƙuri'ar da aka ba PRP da ƙuri'ar da aka ba Malam, musamman a shekarar da ake cikin jimamin rashinsa. Abin da ya bambanta wancan zamani shi ne jagoran bai motsa daga jam'iyyarsa ba, don haka biyayya gare shi da biyayya gare ta suka zama abu guda.

Sauya sheƙa da gidajen siyasa

Jamhuriya ta Huɗu ita ce ta raba biyun. Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi gwamna a PDP daga 1999, ya sha kaye a 2003, ya dawo a 2011. A watan Nuwamban 2013 ya koma APC tare da wasu gwamnoni huɗu, ya dawo PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Ibrahim Shekarau, wanda ya kayar da shi a 2003 a ANPP, ya shiga APC a 2013, ya fita zuwa PDP a 2014, ya dawo APC a 2018, ya shiga NNPP a watan Mayun 2022, ya koma PDP a watan Agustan shekarar. Wanda ya jera ranakun 2014 da 2018 zai ga cewa shigowar ɗaya ita ce ficewar ɗayan. Babu wani saɓani a kan manufa da ya bayyana a nan. Rikicin a kan wanda zai riƙe shugabancin jam'iyya a jiha ne, domin mai riƙe da shi ne ke tsara wakilan zaɓen fid da gwani, shi ne kuma ke da ikon abin da ake kira ɗauki-ɗora.

Harshen ya bi wannan sauyi sawu da ƙafa. Sheƙa gidan tsuntsu ce, wadda yakan saƙa ya yi ƙwai ya tashi ya bar ta. Kiran jam'iyya da wannan suna ya riga ya rage mata daraja. Abin da ke dawwama shi ne "gida", wato gidan siyasar wani ubangida. Ɗafa-ƙeyar -iyya da ake samu a Kwankwasiyya da Gandujiyya da Buhariyya ita ce dai ta Ƙadiriyya da Tijjaniyya, sigar da ke jingina tafarki ga wanda ya assasa shi. "Ɗan a-mutu" kuwa na wane ake cewa fiye da na jam'iyya kaza. Jar hula ta ratsa PDP da APC da NNPP ba ta canza launi ba.

Alƙaluman 2023 sun nuna ƙarfin wannan biyayya da kuma iyakarta. Kwankwaso ya sami ƙuri'a 997,279 a Kano a zaɓen shugaban ƙasa, daga cikin 1,496,687 da ya samu a faɗin ƙasar, wato kimanin kashi biyu cikin uku daga jiha guda. Jam'iyyar da ba ta da wani tasiri a Kano shekara guda kafin nan ta ci kujerar gwamna da ƙuri'a 1,019,602.

Sak, cancanta da zagon ƙasa

Idan ɗan takara guda ya fi jam'iyyarsa farin jini, sauran 'yan takara sukan nemi su raɓu da shi. Dabarar ita ce "sak", wato a dangwala wa tambari ɗaya daga sama har ƙasa. Ta yi aiki a 2003 da 2015, lokacin da guguwar Muhammadu Buhari ta ɗauki mutanen da ba lallai su ci da ƙashin kansu ba. Wanda guguwar ba ta tare da shi kuwa sai ya yi kiran "cancanta", ko "shinkafa da wake": a zaɓi wannan jam'iyya a sama, waccan a ƙasa. Haka aka yi a 2011. Buhari ya ci Kano a CPC ranar 16 ga Afrilu, bayan kwana goma PDP ta ci kujerar gwamna, ɗan takarar CPC ya zo na uku. Abin lura shi ne babu ɗan siyasar da ya riƙi ɗaya daga cikin kiraye-kirayen biyu a matsayin aƙida. Mai kiran sak a bana shi ne mai kiran cancanta a zaɓe na gaba, gwargwadon inda iska ta kaɗa. Sojojin baka a gidajen rediyo su ke ɗaukar nauyin sayar da kowanne.

Dabara ta uku ita ce zagon ƙasa, inda mutum ke zaune cikin jam'iyya yana yi wa abokan hamayyarta aiki. Ta fi sauya sheƙa arha, domin mai yin ta bai rasa katinsa ba, bai kuma rasa ladan wanda ya taimaka ba.

Doka ta taɓa matsalar ta gefe guda kawai. Sashe na 68(1)(g) da na 109(1)(g) sun ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. A shari'ar Abegunde ta 2015 Kotun Ƙoli ta ce dole rabuwar ta shafi jam'iyyar a matakin ƙasa, rikicin reshen jiha bai isa ba. Amma shugaban majalisa ne ke ayyana kujera a matsayin wadda babu kowa a kai, kuma sau da yawa jam'iyyarsa ce ke karɓar baƙon. Gwamna kuwa babu sashen da ya hana shi tafiya da kujerarsa.

Kujerar Sanatan Kano ta Tsakiya a 2023 ta tara duk waɗannan a wuri guda. Shekarau ya bar NNPP wata shida kafin zaɓe, yana kuma yi wa PDP yaƙi, amma sunansa bai fita daga jerin hukumar INEC ba. Masu zaɓe suka dangwala wa kwandon kayan marmari, tambarin da jagoran Kwankwasiyya ya nuna musu, hukumar ta bayyana Shekarau a matsayin wanda ya yi nasara a jam'iyyar da yake adawa da ita. Sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci kafin kujerar ta koma hannun Rufa'i Sani Hanga, wanda jam'iyyar ta maye gurbin da shi.