Yadda manhajar sabar ke adana bayanai kada su salwanta

Hukumar shirya jarrabawa ta NECO, wadda aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, Jihar Neja, tana ba ɗalibai damar duba sakamakonsu ta intanet. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da rumbun bayanai, domin abin da ke ƙwaƙwalwar wucin gadi ta sabar yana gogewa da zarar an ɗauke wuta.

Manhajar da ke kan sabar ce ke kai bayani rumbun. A tsarin Enterprise JavaBeans, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1998, hanya biyu ce: mai rubuta manhaja ya rubuta umarnin SQL da kansa, ko ya bar wa sabar. Ta farko ta fi ba shi iko, amma ta fi jawo kuskure. A 2006 tsarin JPA ya sauƙaƙa aikin.

Babban sharaɗi shi ne aiki ya kammala gaba ɗaya, ko a soke shi gaba ɗaya. Idan layi ya katse bayan an rubuta cewa ɗalibi ya biya, kafin a ajiye lambar duba sakamakonsa, wajibi ne rumbun ya koma yadda yake tun farko.