BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Tanadin Abinci Don Zaman Gida Lokacin Annoba

Ranar 29 ga Maris, 2020, da dare, Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya yi wa jama'a jawabi, ya ce daga ƙarfe 11 na daren washegari mutanen Ikko da Ogun da Abuja kowa ya zauna gidansa har kwana 14 saboda cutar korona. Kaduna ta riga ta rufe tun ƙarshen wannan wata. Kano ta bi baya ranar 16 ga Afrilu, aka ce kwana 7, sa'an nan aka yi ta ƙarawa, har azumi ya kama ranar 24 ga wata ya tarad da mutane a kulle.

Duk wanda ya shiga kasuwa a jajiberen rufewar nan ya ga abin da ba zai manta ba. Mutane sun yi cincirindo, kowa na neman mudu, 'yan kasuwa na ƙara kuɗi, ga shi kuwa cunkoson nan shi ne ainihin abin da likitoci su ke hani da shi. Mu masu albashi, malaman makaranta da akawuna, ba mu fi kowa shiri ba. Wanda abin ya same shi tsakiyar wata aljihu ya bushe, wanda ke da kuɗi kuma ba shi da hanyar zuwa kasuwa.

Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar ta fita daga matsayin gaggawa. To, me ya sa mu ke tono zancen? Domin annoba ba ta sallama. A watan Satumba na 1918 wata mura mai tsanani ta sauka Ikko daga jirgin ruwa, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Arewa, ta hallaka dubban mutane. Tsakanin waccan da wannan shekara ɗari da biyu ne, amma ba wanda ya yi mana alkawari ta gaba za ta jira haka. Lokacin lafiya shi ne lokacin shiri.

Lissafi Kafin Sayayya

Aikin farko na alƙalami ne, ba na kasuwa ba. Maigida ya zauna da uwargida, gama ita ta san abin da tukunya ke ci, su auna mudu nawa a ke ɗiba kowace rana har mako guda. In gida na cin mudu 2 a yini, kwana 14 mudu 28 ke nan, wata guda kuwa mudu 60. A ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda baƙo da maƙwabci, ya zama 66. Haka za a yi wa mai da gishiri da sukari da itace. Abin da ya faru a 2020 ya nuna mana kwana 14 na iya komawa wata biyu, saboda haka tanadin wata guda shi ne mafi ƙaranci da mai hali ya kamata ya nufa.

Kada a sayi abin da gida bai saba ci ba don an ga wani ya saya. Gero da dawa da masara da shinkafa su ne ginshiƙi. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi su ke tsayawa a madadin nama. Garin rogo kuwa yana da wani amfani, watau ko ba wuta a kan jiƙa shi a sha.

Tuwo ba ya ciwuwa sai da miya, a nan kuwa iyayenmu mata sun riga sun gama mana aiki. Kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi da zogale, da kauɗar tumatir da tattasai da barkono da daddawa, duk su kan yi watanni in an shanya su sosai an rufe. Albasa ba ta son buhu, a baza ta inda iska ke shiga. Manja da man gyaɗa a ajiye su a inuwa, a toshe bakin kwalba.

Ajiya Ta Fi Saye Wuya

Mu kanmu mun sha wannan darasi. Mun sayi rabin buhun wake muka jingina shi a lungu, muna ganin mun yi dabara. Kafin sati shida da muka kwance, sai gari da ƙwari. Ga dawa kuma muna da ita, amma mai injin niƙa na unguwa ya rufe, turmin gidan kuwa an daɗe da mai da shi kujera.

Maƙiyan hatsi uku ne: laima da ƙwaro da ɓera. Game da laima, a ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe. Ko kuwa a zuba hatsi kaɗan cikin busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalba to sai an sake shanya. A ɗora buhu kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Gyaɗa da masara in sun yi fumfuna a zubar, kada a ji ƙyashi, gama akwai dafi a cikin fumfunar nan mai lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe shi.

Game da ƙwaro, kakanninmu su kan cuɗa wake da toka ko yashi mai laushi. Yanzu kuma akwai buhu mai riɓi uku wanda a ke kira PICS, leda biyu a ciki, buhu a waje. In an matse iska an ɗaure kowanne dabam, ƙwarin sai su rasa numfashi su mutu. Jarka mai tsabta in an cika ta fal an toshe, aikinta ɗaya ne. Amma muna gargaɗi da babbar murya, kada a saka ƙwayar nan mai hayaƙi ta kashe ƙwari a ɗakin da mutane ke kwana. Tana kashe mutum kamar yadda ta ke kashe ƙwaro.

Hatsi ya fi daɗewa in ba a niƙa ba. Garin gero ba ya jimawa sai ya yi ɗaci saboda maiƙon da ke cikinsa. A niƙa na sati ɗaya ko biyu, saura a bar shi tsaba, a kuma tabbata akwai turmi da taɓarya a gida. Manomi mai rumbu ya fi mu sanin wannan, shi ya sa ya kan ajiye geronsa dami dami ya shekara bai lalace ba. Ko Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata gare shi, shawarar da ya ba mutanen Masar ke nan, su bar hatsi a zangarniyarsa.

Kada kuma a manta da abin da ba a ci amma ba a ci sai da shi: itace ko gawayi ko kananzir, ashana, sabulu, da randa ko duro na ruwa, don mai garuwa ma a kan hana shi fita. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya shawarci likita ya tanadi maganinsa na wata guda. Abin da aka fara saye shi za a fara ci, a mai da sabo a gurbinsa.

Tanadi Dabam, Ɓoyo Dabam

Wani zai ce albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ina ya ga tanadi? Gaskiya ne, amma ba rana ɗaya a ke yi ba. Da kaka hatsi ya fi araha. Malamai huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi buhu a babbar kasuwa irin ta Dawanau su raba, ya fi musu sauƙi bisa ga awo mudu mudu. Wannan wata dawa, wata mai zuwa wake, na bayansa mai da kayan miya. Wanda ya yi haka bai tsananta wa kowa ba. Amma wanda ya jira sai an yi shelar rufe gari ya kwashe abin da gida goma za su ci, ko ya ɓoye don kuɗi su hau, wannan ya zalunci jama'a, addini ma ya hana.

Gwamnati ta raba abinci a 2020, amma ba hukumar da za ta iya ƙwanƙwasa kowace ƙofa kowace safiya. Ɗan dako da mai tura baro da mai wankin hula, in ba su fita ba yau ba su ci ba yau. Mutumin da yunwa ta kama ba zai zauna gida ba ko dokar ta kai ina, in ya fita kuwa cuta ta sami hanya, har ta iso gidan mai rumbu. Ashe mudun da ka miƙa wa maƙwabci ta kan katanga riga-kafi ne ga 'ya'yanka.

Daga ƙarshe muna kira ga malamai su kai zancen nan cikin aji. A darasin lissafi a ba yara su auna abincin gidansu na mako, su fitar da na wata. A darasin kiwon lafiya a nuna musu gwajin gishiri da kwalba. Yaron da ya koya zai kai wa uwarsa, ta haka ilmi kan shiga gidan da jarida ba ta shiga.

Allah ya kiyashe mu da annoba, ya sa albarka a rumbunanmu, amin.