Raunin Gwiwa: Abin da Likita Ke Ganewa ta Wayar Tarho

Daga Tsanyawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a birnin Kano, wanda aka kafa a 1959, tafiya ce ta kuɗin mota da asarar yinin aiki. Saboda haka idan manomi ya faɗo daga amalanke, ko ɗalibi ya gurɗe a filin ƙwallo, tambayar farko ita ce: targaɗe ne ko karaya? Sau da yawa gidan mai ɗori ake fara nufa, domin shi ne kusa.

Tun da wayar salula ta bazu a Nijeriya daga 2001, likita na iya fara tantance rauni daga nesa. Abin da ya sauƙaƙa hakan shi ne binciken Dakta Ian Stiell da abokan aikinsa a birnin Ottawa na Kanada, wajen 1995. Sun lura cewa cikin masu zuwa asibiti da sabon raunin gwiwa, waɗanda suka karye ba su kai ɗaya cikin goma ba, amma akasarinsu ake yi wa hoton ƙashi. Sai suka fitar da alamomi biyar: shekara 55 ko fiye, zafi a ƙoƙon gwiwa kaɗai idan an danna, zafi a kan siririn ƙashin da ke gefen waje, ƙasa da gwiwa, kasa lanƙwasa gwiwa zuwa digiri 90, da kasa yin taku huɗu, ko da ɗingishi. Ɗaya daga ciki ta isa a tafi hoto. Shekaru da taku da lanƙwasa ana iya tabbatar da su ta waya, musamman mai bidiyo. Dannawa kuwa sai da ma'aikacin lafiya a kusa, yana bin umarnin likita.

Sai dai waya tana da iyaka. Tsinkewar jijiyar da ke ɗaure ƙasusuwan gwiwa sai likita ya riƙe ƙafar da hannunsa ya ja. Hoton ƙashi ma, wanda Röntgen ya gano a 1895, ba ya nuna jijiya ko guringuntsi. Wannan aikin na'urar MRI ne, wadda sai a manyan birane, kuma tana da tsada.

Akwai kuma raunin da ba ya jiran dogon bayani. Idan gwiwa ta goce, tana iya yaga babbar hanyar jini da ke bayanta. Tafin ƙafa ya yi sanyi ko ya mutu, to a nemi mota nan take, domin jinkirin awa shida zuwa takwas na iya jawo yanke ƙafar.