Kare da Kyarkeci: Wane Iri Ne Ya Fi Kusa da Tushe?

Da zarar an kawar da amfanin gona a Jajaye da sauran ƙauyukan Rogo da Ƙaraye, hunturu ya sauko, ciyawa ta bushe, sai mafarauta su fara haramar shiga daji. Duk wanda ya taɓa cin karo da ayarinsu ya san irin karnukan da ke biye da su: sirara, masu gajeren gashi, yawanci jajaye ko masu ruwan ƙasa, ga dogon baki, ga tsukakken ciki. Karen gida kawai ake ce musu, kuma ba a ɗauke su a bakin komai ba. Idan aka jera ɗayansu da Alseshan, wato ƙaton karen nan na 'yan sanda da gidajen masu hali a birnin Kano, aka tambayi ɗalibai wanne ya fi tsohon asali da kusanci da kyarkeci, kusan kowa Alseshan zai nuna. To, kama da wane ba wane ba ne.

Wane kyarkeci ake nufi?

Ya kamata a fara warware wani ruɗani na suna. Kyarkecin da kakanni suka sani a ƙasar Hausa shi ne dabbar nan mai dabbare-dabbaren baƙi da fari da ruwan ɗorawa, mai faffaɗan kunne, wadda ke farauta cikin garke. Masana suna kiran sa Lycaon pictus, kuma a yau ya yi ƙaranci ƙwarai a Afirka ta Yamma. Dangin kare ne na nesa, ba kakansa ba. Kakan kare shi ne kyarkecin ƙasashen sanyi na Turai da Asiya da Amurka ta Arewa, wato Canis lupus, wanda masu fassara suka ara wa sunan na gida. Shi ake nufi da kyarkeci a sauran wannan maƙala. Ita kuwa kura, duk da kamanninta, ta fi kusa da kyanwa da zaki a kan kare.

Tun yaushe kare ya koma hannun ɗan Adam? A shekarar 1914 an tono wani kabari a Bonn-Oberkassel ta ƙasar Jamus, inda aka tarar da ƙasusuwan kare tare da na mutum biyu. Awo ya nuna kabarin ya kai kimanin shekara 14,000. Ke nan kare ya riga tunkiya da akuya da saniya zama dabbar gida, har ma ya riga noma.

Yadda ake auna zumunta

Masana ba sa dogara da siffa. Suna duba sinadarin gado da ake kira DNA, wanda ke cikin ƙwayoyin halittar jiki. Ana iya kwatanta shi da littafin da ake kwafa daga iyaye zuwa 'ya'ya: kowane kwafi yakan zo da 'yan sauye-sauye kaɗan, don haka waɗanda suka daɗe da rabuwa sun fi yawan bambanci. Da wannan hanya Carles Vilà da abokan aikinsa suka nuna a 1997 cewa daga kyarkeci kare ya fito. Bincike na baya-bayan nan ya ƙara da cewa reshen kyarkecin da ya haifar da kare ya riga ya shuɗe. Kyarkecin yau ɗan'uwa ne ga kare, ba uba ba.

A 2004 Heidi Parker da abokan aikinta a Amurka suka gwada ire-iren karnuka 85. Wasu kaɗan suka ware daga sauran, suka tsaya kusa da gindin bishiyar dangi. Daga cikinsu akwai Akita da Shiba na Japan, da Cau-cau da Shar-pei na ƙasar Sin, da Haski na Sibiriya, da Malamut na Alaska, da Saluki na Gabas ta Tsakiya, da karen Afganistan, sai kuma Basenji na yankin Kongo. Shar-pei, da fatarsa mai tamoji, ko kusa bai yi kama da kyarkeci ba, amma yana cikin jerin. Alseshan kuwa ba ya ciki. Dalili shi ne sabon iri ne: a 1899 wani hafsan sojan Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa shi daga karnukan kiwon tumaki. Haka yawancin ire-iren Turai suke, ba su wuce shekara 200 da samuwa ba.

Basenji ya cancanci kulawa domin ɗan Afirka ne. Ba ya haushi irin na sauran karnuka, sai wani kuka mai kama da guɗa. Karyarsa kuma sau ɗaya take neman namiji a shekara, kamar kyarkeci, alhali yawancin karnuka sau biyu ne. Akwai kuma ire-iren da mutum ya gauraya da kyarkeci da gangan, kamar wanda aka fara samarwa a Cekoslobakiya a 1955 ta hanyar barbarar Alseshan da kyarkecin duwatsun Karpat. Kusancin irin wannan na jiya-jiya ne, ba na tsohon asali ba.

Dila da karen gida

Ina matsayin karen Jajaye a wannan bishiya? Amsar ta biyo ta kan dila, malamin daji. Dila iri biyu ne a wannan yanki: mai ratsi a gefen ciki da farin bakin wutsiya, da kuma mai ruwan zinariya da baƙin bakin wutsiya. A 2015 Klaus-Peter Koepfli da abokan aikinsa suka nuna cewa na biyun jinsi ne mai zaman kansa, wanda ya fi kusa da kyarkeci a kan dilan Asiya da aka daɗe ana haɗa su. Yanzu ana kiran sa Canis lupaster, kyarkecin Afirka mai ruwan zinariya. Ashe ɗan'uwan kyarkeci na kusa bai yi nisa da gonakin ƙasar Hausa ba.

A 2018 aka buga sakamakon binciken DNA na karnukan gargajiya 19 daga Nijeriya. Lissafin masu binciken ya nuna kakannin waɗannan karnuka sun rabu da na Turai da Asiya kimanin shekara 14,000 da suka wuce, kuma kashi 2 zuwa 3 da rabi cikin 100 na gadonsu daga wannan dila ya fito, sakamakon barbara a zamanin da. Sun kuma gano ƙwayoyin gado 50 da suka sauya don dacewa da ƙasa mai zafi, ciki har da na garkuwar jiki da na kariya daga zafin rana. Wannan ya yi daidai da abin da mafarauci ya daɗe da sani: karensa yana jure rana da kaska da ƙarancin abinci fiye da baƙon kare.

Kammalawa

Darasi biyu ke nan. Na farko, karen gida taska ce ta gado da aka yi dubban shekaru ana tarawa. Yawan barbararsa da baƙin karnuka don neman girman jiki yana iya salwantar da juriyar da kuɗi ba sa saye.

Na biyu, zumunta tana tafe da haɗari. Cutar haukan kare tana ratsawa tsakanin kare da dila, kuma karen farauta shi ne gada tsakanin daji da gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, da yawansu yara, kuma kusan duka ta cizon kare. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar rigakafi, yaɗuwar cutar takan tsaya. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ya garzaya asibiti kafin alamu su bayyana, domin bayan bayyanarsu da wuya a tsira. Ɗalibin da ya isar da wannan saƙo ga maƙwabcinsa mafarauci kafin farautar bana ya yi amfani da ilminsa.