Dabid Tabor, malamin da ya binciki abin da ke cin ƙarfe

Kowa ya san itacen bakin rijiya. Igiya ba ta da haƙori, amma yau da gobe sai ta yi masa kwari. Hauya tana ƙarewa a gona. Ƙafar amalanke tana kuka idan ba mai. Duk abu ɗaya ne ke kawo haka: gogayya, wato abu biyu su riƙa gugar juna. Akwai wani malami a ƙasar Ingila da ya yi fiye da shekara 40 yana binciken wannan magana. Sunansa Dabid Tabor.

An haife shi a birnin Landan a shekara ta 1913. Iyayensa baƙi ne, sun fito daga ƙasar Rasha ta wancan zamani. Ubansa mai aikin ƙarfe ne. A 1936 Tabor ya tafi jami'ar Kambirij. Can ya haɗu da maigidansa na aiki, Filip Bowden, mutumin ƙasar Ostareliya.

Tun 1699 wani Bafaranshe mai suna Amonton ya lura da wani abin mamaki. Idan aka ja tubali a ƙasa, ko a kwance yake ko a tsaye, ƙarfin ja ɗaya ne. Faɗi ba ya ƙara wuyar ja. Nauyi ne ke ƙara ta. An san haka fiye da shekara 200, amma ba a gane dalilin sosai ba.

Tabor da Bowden suka ɗora ƙarfe bisa ƙarfe, suka sa wutar lantarki ta bi ta tsakaninsu. Wuta ba ta wucewa sai ta inda ƙarfen ya taɓa ɗan'uwansa. Da haka suka auna wurin taɓawa. A 1939 suka bayyana abin da suka gani. Ƙarfe komi sulɓinsa ga ido, yana da ƙananan tuddai da kwaruruka. Idan an haɗa biyu, kawunan tuddan kaɗai ke taɓa juna. Wani lokaci wurin taɓawar bai kai kashi 1 cikin 10,000 na faɗin ƙarfen ba.

To, duk nauyin yana kan waɗannan ƴan tuddai. Sai su lotse, su manne da juna kamar an yi musu walda. Kafin ƙarfen ya motsa, dole a tsinka wannan mannewa. Nan ƙarfin ja yake tafiya. Idan aka ƙara kaya, tuddan sun ƙara lotsewa, mannewa ta ƙaru, ja ya ƙara wuya. Ga dalilin abin da Amonton ya gani. Kuma wajen tsinkewa ƴan ɓarɓashi suna fita daga jikin ƙarfen. Shi ne cinyewa. Baƙin garin da ake gani cikin tsohon mai, har da naman ƙarfen a ciki.

Akwai hanya ta biyu. Idan ɗaya ya fi ɗaya tauri, tuddansa suna huɗa mai taushin, kamar yadda garma ke huɗa gona.

Yaƙin duniya na biyu ya sami Bowden a Ostareliya. A 1940 Tabor ya bi shi birnin Malbon. Can suka yi aiki kan mai da kan sassan da ke juyawa cikin injin jirgin sama. A 1946 Tabor ya komo Kambirij. A 1950 su biyu suka buga littafi kan gogayya da sa mai. Kashi na biyu ya fito a 1964. Har yau masu koyon aikin inji suna amfani da shi.

Mi mai yake yi? Yana shiga tsakani, ya hana tuddan mannewa. Bincikensu ya nuna cewa wani irin mai yana kama jikin ƙarfe, ya yi masa riga. Rigar ta fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba, ido ba ya ganin ta. Duk da haka tana rage gogayya ƙwarai. Amma idan zafi ya yi yawa, rigar tana narkewa, ƙarfe ya koma cin ƙarfe.

Wannan ya shafi mai injin niƙa, da mai amalanke, da masu kula da famfon gari. Inji ya yi zafi, a bar shi ya huce. Mai ya tsufa, a sake shi. Babban abokin gaba kuwa shi ne rairayi, don ƙwayarsa ta fi yawancin ƙarfe tauri. Giris da ya sha ƙura, a lokacin hunturu misali, ya zama dutsen wasa wuƙa. Gara a goge tsohon tukuna, sannan a shafa sabo. Kuma a rufe gwangwanin mai.

Ba kullum gogayya ce ɓarna ba. In ba ita, birki ba ya kamawa. Tabor ya binciki robar taya, ya nuna irin wadda ta fi riƙe hanya idan an yi ruwa.

A 1966 wani kwamiti na gwamnatin Ingila, bisa jagorancin Pita Jost, ya yi lissafi. Ya ce ƙasar tana iya tsimin fam miliyan 515 kowace shekara idan an kula da gogayya da sa mai. Kwamitin ne ya raɗa wa wannan ilimi suna tiriboloji, daga kalmar Girkanci mai nufin guga. Da aka ƙirƙiro lambar zinariya ta wannan ilimi a 1972, Tabor aka fara ba. Bowden bai ga wannan rana ba, ya rasu a 1968.

Tabor ya aje aikin jami'a a 1981, amma bai daina zuwa ɗakin bincike ba. Ya rasu a Kambirij a 2005, yana da shekara 92.