Ina ledar da aka jefa a Matan Fada take zuwa?

Tun da Legas ta fara aiki da dokar hana wasu kayan roba da ake amfani da su sau ɗaya a yar, ranar 1 ga Yulin 2025, ake ta cewa a majalisun Birnin Kebbi da Argungu wai wannan rigimar mutanen bakin teku ce. Su ne teku ke amayo wa shararsu, mu kuwa ruwanmu mai tafiya ne, abin da aka jefa masa ya tafi ke nan. Wannan magana ta "ruwa ya tafi da ita" ce ya kamata a kai ajin sakandare a warware, domin ita ke ba babba da yaro lasisin juye bola a kwalbati da zarar hadari ya haɗo.

Gaskiya ne ruwan na tafiya. Gulbin da ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi yana faɗawa Kogin Neja, ya bi ta Yawuri da Kainji da Lokoja har Tekun Atlantika, kuma wani binciken masana a Jamus a 2017 ya sa Neja cikin koguna goma da suka fi kai roba teku. Sai dai leda da yawa ba ta yin wannan doguwar tafiya. Idan gulbi ya cika a Agusta da Satumba ya bazu cikin fadama, in ya janye sai ya bar kayansa a gonar shinkafa da jikin ciyawa da bakin bututun injin ban ruwa. A nan wahalar fahimtar take. Kakanninmu sun yi zubar da shara ba ta dame su ba, saboda ganye ne da tsohon faifai da fasasshiyar ƙwarya, abin da gara da ƙasa ke cinyewa. Leda daga ɗanyen man fetur ake yin ta, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da abu ba sa iya cin ta. Abin da mutane ke gani su ce ta ruɓe, rana ce ta gasa ta har ta marmashe. Kamar a daka kwalba ne a turmi: kwalbar ta ɓace wa ido, garinta na nan. Ko a ce tsakuwa a cikin shinkafa, wadda ƙanƙantarta ce ke sa ta fi wuyar tsincewa. Wannan garin ledar shi kifi ke haɗiya tare da abincinsa, a ruwan Matan Fada na Argungu, wanda UNESCO ta sa bikin kamun kifinsa cikin kayan gadon duniya a 2016. Mai shakka ya je mahauta da safe ya ga dunƙulen baƙar ledar da ake zarowa daga tumbin akuya, ta murɗe kamar igiya, ba abin da ya same ta.

Za a ce ai yara na shara a makaranta kullum. To, wace shara? Wanda ya makara shi ake ba tsintsiya, don haka abin da ɗalibi ke koya shi ne tsinci leda horo ne. A ƙarshe a tara a bayan aji a cinna wuta, hayaƙin ya koma ta taga. Darasin da zai zauna daban ne. Ɗaliban Kwalejin Kanta ta Argungu ko na Kwalejin Nagari ta Birnin Kebbi su tsinci sharar mako guda a harabarsu, su ware ta, su ƙirga ledar fiya wata nawa, ta biskit nawa, gorar lemo nawa. Su binne ɓawon lemo da leda a rami ɗaya, su tono bayan wata biyu. Malamin kimiyya ba ya buƙatar ɗakin gwaji kan wannan, fartanya ta isa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne: an koya wa yaro kada ya yar, to ya kai ina? Unguwanni da yawa ba kwandon shara, ba motar kwasa, kuma ba a raba mutum da fiya wata alhali famfo ba ya kawo ruwa. Ko Legas ba ta taɓa ledar ruwan ba a dokarta. Wannan ƙorafi daidai ne, amma bai rushe darasin ba. Ƙirgan ɗalibai shi zai nuna abin da za a iya ragewa tun kafin ya zama shara, kamar randa ko tankin ruwa a makaranta da kofi a jakar kowa, da kwanon sayen ƙosai maimakon leda biyu-biyu. Gorar roba kuwa tana da masu saye, masu zoɓo da kunun aya na nema. Sauran na hukuma ne, kuma jami'an da ke iya share hanyar Matan Fada tas idan baƙin biki za su zo sun nuna ba motar kwasar ce babu ba. Ɗaliban da ke riƙe da ƙirgan mako-mako a littafi suna da abin ajiyewa a teburin shugaban ƙaramar hukuma.